Ɗauri Goma Sha Ɗaya da Na Aiko Daga Sabha

Ku samarin tasha kuna ganina zaune da basilla da ƙullin igiya kuna yi mini dariya, wai tsoho yana ɗinkin buhu a zamanin da ake naɗe kaya da sikoc, ledar nan mai manne. Har rezar da nake sokewa a bakin kowane ɗauri ta zame muku abin tsokana. Ku yi dariyarku. Jiya ma na ga ɗaurin da kuka naɗa wa matar nan mai tafiya Agadas, tun ba a ɗora shi bisa mota ba ya fara buɗe baki. A wurinku ɗaurin kaya ba komai ba ne illa a tara tarkace a cusa a buhu a danne da gwiwa. Ni kuwa shekara goma sha tara na yi a Sabha, cikin ƙasar Libiya, ba ni da abin yi sai shi. Ari sunana, ɗan Birni ne ni a nan Damagaram, amma can ba wanda ya san ni sai an ce Ari Mai Basilla.

Ɗauri na farko da na sa wa hannu na wani mutumin Hamdara ne da ya yi shekara shida yana ban ruwa a gonar wani Balarabe. Cikin kayansa akwai madubi mai tsayin mutum, ya rantse sai ya kai wa matarsa shi da rai. A lokacin ina ƙarƙashin Malam Idi, wani dattijo ɗan garin Dogo mai rumfa a bayan filin da manyan motoci ke lodi. Leburancin gini na je yi, bayana ya ƙi, shi ya ɗauke ni. Sau uku na ɗaure kayan nan, sau uku yana sa ni kwancewa, bai ko gaya mini laifina ba. A na huɗu ne ya ce in hau bisa ɗaurin in yi tsalle. Na ce ai madubi zai fashe. Ya ce to me nake tsammani mutum arba'in za su yi a kansa kwana da kwanaki cikin sahara, lallaɓa shi za su yi?

Daga ranar na gane wa ake ɗaure wa kaya. Ba mai kaya ba ne, hanya ce. Ɗaurin da ka yi shi ne kujerar fasinja, shi ne matakinsa, rana za ta gasa shi, man gazuwal na mota zai tsiyayo masa daga jarka, rairayi zai nemi ƙofa ko ta kai ƙofar allura. Saboda haka mai tauri a tsakiya, mai laushi a waje. Talabijin cikin matala, wato katifa, ake naɗe ta, kofuna cikin hannun riga, kowane hawa a raba shi da kwali don kaya su tsaya da ƙafarsu. Sannan leda, sannan buhu, sannan bash, wato tamfol mai kauri, a ja igiya har sai ta yi ƙara in ka taɓa ta. Madubin mutumin Hamdara ya isa lafiya, ya aiko mana da ƙullin kuka da daddawa tukuici.

Amma ƙarfin sana'ar nan ba a ɗauri yake ba, a ɗinki yake. Ɓarawon hanya ba ya ɗauke ɗauri gaba ɗaya, ai za a gani. Farke shi yake yi, ya zare abin da ke tsakiya, ya cike gurbin da tsumma ko dutse, ya mayar da ɗinki. Shi ya sa kowane mai ɗauri yake da hannunsa da ba ya nuna wa kowa. Ni nawa, in na yi suka shida gaba, ta bakwai baya take komawa, ƙulli kuma a ciki nake binne shi, ga wani jan zare da nake murɗawa cikin igiyar. Wanda bai sani ba zai ga ɗinki ne kamar kowane ɗinki.

Wani tela ɗan Gidimuni ya taɓa kawo mana kan keken ɗinki sabo fil. Ni na ɗaure, ni na ɗinke, a gaban idonsa. Da ya isa gida ya farke sai ya tarar da dutse naɗe cikin bargo. Maganar ta dawo mana Sabha da zafinta, wai rumfar Malam Idi ɓarayi ne, aiki ya tsaya mana cak kusan wata biyu. Malam Idi bai yi musu da kowa ba, ya aika a kawo masa bakin buhun da aka yanke. Ranar da ya iso ya shimfiɗa shi gaban mutane ya ce in ƙirga. Sukar duk gaba take tafiya, babu ta bakwai, babu jan zare. Ashe cikin ma'aikatan motar ne wani ya yi aikin, mutumin da muke cin abinci kwano ɗaya da shi duk ranar lodi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Tun daga lokacin ban ƙara yarda da kowa ba, in mutum ya cika fara'a sai in fara duba hannunsa.

Akwai wata magana da Malam Idi ke gaya wa kowane mai kaya bayan an gama, ni ma na gaje ta na faɗe ta ya fi a ƙirga. Yakan dafa ɗaurin ya ce, "Ɗauri na hanya ne, ba na ajiya ba. In ya isa gida a farke shi ya sha iska." Dalili kuwa leda tana gumi, kwali kuma abincin gara ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Zamanmu a can zaman mai shirin tashi ne. Mu bakwai a ɗaki ɗaya, duk ƴan ƙasar Damagaram, kuma duk wanda ka tambaya zai ce maka bana zai koma gida. Akwai wanda na tarar yana cewa bana, na baro shi yana cewa bana. Ba wanda ke sayen gado, don me, ai tafiya za a yi. Kowa da lungunsa inda yake jibge abin da ya saya, ya rufe da bargo, yana satar kallon lungun ɗan'uwansa. Kullum makaroni da tumatirin gwangwani, ranar Juma'a a sa kan rago. Bayan masallaci a kafa shayi, hira kuma ba ta wuce biyu: ko ruwa ya sauka a gida, da wane ne danginsa suka cinye. Kowa yana da labarin wanda ya yi shekara goma yana aika kuɗin gini, ya koma ya tarar da fili da tubali ashirin. Ni nakan saurara in ce a raina, ni dai ba za a yi da ni ba.

Sai ga shekarar da ƙasar ta rikice. Ba zan ba ku labarin harbi ba, na aiki zan ba ku. Mutane suka riƙa tururuwa filin lodi ba wanda ke da lokacin ɗinki, a ƙulle kaya cikin zanen gado a jefa. Wanda ka ɗinke wa da kyau ma, a shingen farko masu bindiga za su tsaga shi da wuƙa tun daga sama har ƙasa. Ɗakinmu aka shiga da rana tsaka aka kwashe lungu bakwai kaf, har da nawa na shekara takwas. Malam Idi ya ce shi ya gaji, ya miƙa mini basillarsa da rumfar ya hau mota, bayan shekara biyu muka ji rasuwarsa a Dogo. Ni na zauna, don ina jin kunyar shiga Birni hannu rabbana. Daga wannan shekara ban ƙara taka gida ba, saboda wanda ya fita ba shi da tabbacin sake shiga.

Da ƙura ta lafa aiki ya dawo, sai na yi wa kaina dabara. Ajiya a Sabha ta haramta gare ni. Kuɗi kuma ba a ɗinke su, in sun shiga hannun mutum ba ka da abin dubawa. Na abinci ina aika wa matata Fanna da yara, wannan daban. Amma abin da zan ci da tsufa, na ce kaya zai zama: yadin auduga, jallabiyoyi, dardumai, barguna masu nauyi, abin da zan buɗe shago da shi a kasuwa in na dawo. Duk sanda suka taru sai in ɗaure da hannuna, in ɗinke da ɗinkina, in aika wa ƙanena Mutari, malamin lekwal ne, makarantar boko, a nan gari. Ɗakin marigayiya mahaifiyarmu ba kowa ciki, can na ce ya riƙa jerawa. Sharaɗi ɗaya na kafa masa, kada wani mahaluki ya taɓa mini ɗinki sai na zo. A hankali har suka kai goma sha ɗaya. Duk abin da na mallaka a duniya yana cikin ɗakin nan na ƙasa.

Wata damina, lokacin ɗauri shida ne a ɗakin, Mutari ya kira ni a salula. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, na ga gara ta taso a gindin bango. Ka ba ni izini in farke kayan nan in shanya, in ya so a sa a cikin akwatin ƙarfe."

Na ce zan yi tunani. Tunanin da na yi kuwa ba na gara ba ne. A makon ne wani da ya zo daga gida ya ce ya ga Mutari bisa sabon babur. Malamin lekwal da babur sabo, ga kuma maganar a farke kaya. Na kai zancen wurin shayi, ɗaya daga cikin ƴan ɗakinmu ya kwashe da dariya ya ce ai da gara ake farawa, in ka yarda baɗi ɓera ne, baɗin waccan gobara. Na kira Mutari na ce a bar kaya yadda suke. Da wata daminar ta zagayo Fanna da kanta ta ce mini ɗakin yana warin danshi. Na ce a raina, to, har ita an koya mata karatun.

Abin da na ɓullo da shi sai ku ce mai hankali ne. Na sa Mutari ya riƙa ɗaukar hoton bakin kowane ɗauri da salularsa yana turo mini. In na tashi aiki sai in zauna in buɗe hoton da yatsa biyu ina ƙirga suka, shida gaba, ɗaya baya, ga jan zare. Kullum daidai. Maimakon hankalina ya kwanta sai na ce wataƙila tsohon hoto yake turowa, na ce ya riƙa aza yatsansa a gefe. Ya aza. Shekara da shekaru ina kallon bakin ɗauri, ban taɓa cewa ya ɗauko mini gindinsa ba. Karo na uku da maganar farke kayan ta taso, shi ya sake tayar da ita, raina ya ɓaci, na ce masa, "Mutari, ranar da ka sa wuƙa a ɗinkina, ba ni ba kai har abada." Ya ce, "To, Yaya." Bai ƙara yi mini zancen ba, ni kuma na ɗauka na toshe ƙofar ɓarna.

Idona ne ya fara gaya mini lokacin tafiya ya yi, sai na yi suka uku kafin in sami ƙofar basilla. Shirin dawowa ya ci mini wata uku. Ku da ba ku taɓa zaman waje ba kuna tsammani mutum jakarsa kawai yake ɗauka. Akwai rumfa da za a miƙa wa wani, na yi ta jan ƙafa don duk wanda ya nuna yana so sai in ga kamar dama jira yake in tafi. Akwai neman direban da ba a taɓa jin abin kunya a motarsa ba. Akwai tsarabar dangi, kowa da abin da zai ce an raina shi in bai samu ba. Tukunya da risho da tabarma na rarraba wa ƴan ɗaki, kowannensu yana rantsuwa baɗi yana bayana.

Sannan ga masu saƙo. Da an ji za ka gida, ƙofarka ta zama tasha. Ni kuwa doka na kafa, ba na karɓar abin da ban ga cikinsa ba, don an sha kama mutane a duwan, wurin ƴan kwastan, da ƙunshin da ba su san me ke ciki ba. Wani dattijo mai gadi, Baba Gaji, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya kawo ƙunshi ɗinkakke na iyalinsa. Na miƙa masa reza. Ya dube ni, ya farke, dabino ne da mayafi da man zafi na ciwon gwiwa. Yana mayarwa ya ce, "Ari, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya." Na ce masa zato ne ya ciyar da ni shekara goma sha tara. Na ɗinke masa ƙunshin kyauta, ina ganin na yi masa alheri.

Ranar tashi ban gaya wa kowa a gida ba. Mutari na ce wa sai bayan Salla, alhali Sallar saura mako biyar. So nake in faɗo masa ba shiri. Kwana tara muka yi a hanya, ina zaune bisa ɗaurin kayan sawata, ban yarda na sauka na bar shi ba ko wurin shan ruwa. Abin da nake ta juyawa a kai shi ne me zan ce masa in na tarar da ɗinkin wani a bakin kayana.

Da hantsi na shiga gida. Fanna ta saki muciya, yara sun girma har ban gane ƙaramar ba. Aka kawo ruwa na ce a ajiye, a kira mini Mutari ya zo da mabuɗi. Ya baro aji ya zo, bisa babur ɗin nan, wanda daga baya na ji ashe na wurin aiki ne ba nasa ba. Ya yi furfura. Ya rungume ni, ni kuwa idona na kan ƙofar ɗakin. Ya lura, ya ciro mabuɗin daga aljihun gaba.

Ɗakin a share yake tas. Ɗauri goma sha ɗaya suna jere bisa katako, katakon bisa duwatsu, an zagaye ƙasa da toka da maganin ƙwari. Rufin an yaɓe shi sabo, gindin bango an bi shi da siminti. Na durƙusa na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Shida gaba, ɗaya baya, ƙulli a ciki, jan zare. Duka goma sha ɗayan hannuna ne, ba wanda ya taɓa. Daɗi ya kama ni, kunya kuma ta biyo baya, har na buɗe baki zan yi masa godiya.

Sai na kama kunnen na farko zan jawo shi, hannuna ya gaya mini abin da ido bai gani ba. Na san nauyin yadi, wannan nauyin ƙasa ne. Na yanke ɗinkin. Jar ƙasa ce ta zubo mini a ƙafa. Gara ta shiga ta gindi tun kafin a ɗaga su bisa katako, ta bi kwalin da na jera da hannuna hawa-hawa, ta gina gidanta a ciki. Yadin in ka ɗaga sai ya rabu a hannunka, jallabiyoyin sun zama rariya, bargunan da ba ta ci ba danshi ya baƙanta su sun manne da juna. Na farke na biyu, na farke na uku. Tara sun tafi. Biyu na ƙarshe kawai suka tsira, su ma don ba su daɗe ba.

Ban san sanda na ɗaga murya ba. Na ce, "Kana gani kaya na lalacewa shekara da shekaru, me ya hana ka farkewa? Ko na hana, ai kai ke kusa."

Mutari yana tsaye bakin ƙofa da mabuɗi a hannu. Ya ce, "Na sani, Yaya. Kowace damina ina jin motsin gara in na kara kunne. Amma in na farke na shanya, ko zare ɗaya bai ɓata ba, da me zan nuna maka ban ci ba? Ɗinkin nan kaɗai ka yarda da shi."

Na dubi jar ƙasar da ke ƙafata. Maganar Malam Idi da na gaya wa mutum dubu, ni ne ban ji ta ba. Fanna ta gaya mini daga baya cewa kowace shekara kafin ruwan farko Mutari ke gayyato maƙwabta su ɗaga kayan a share a mayar, kuma da albashinsa ya yi simintin nan. Mun kwana biyu muna fitar da ƙasa da kwando, shi yana cikawa ina zubarwa. A rana ta biyu na ce ya yafe mini, ya ce ba komai, ya ci gaba da cika kwando. Har yau yana gaishe ni da ladabi kamar da, amma ko aron tsani zan ba shi sai ya kira wani ya tsaya shaida a wurin.

Shago dai bai samu ba. Ɗauri biyu ba sa cika kanta, na sayar da su na sayi tabarau da igiya, na dawo ga basilla a nan tasha inda kuka same ni. Ɗinkina yana nan yadda yake, ta bakwai baya take komawa, don ɓarayin hanya ba su ƙare ba. Abin da na ƙara shi ne rezar nan da kuke yi wa dariya. Ina naɗe ta a takarda in soke ta ƙarƙashin igiya, in gaya wa mai kaya ya faɗa wa wanda zai karɓa cewa tasa ce, ya farke ranar da kaya suka isa, kada ya jira kowa. Yanzu kai mai jar hula, matso ka riƙe mini bakin buhun nan, motar Agadas ta kusa cika.